Alƙalami da Masaba: Tarihin Ilimi da Fasaha a Ƙasar Bauchi, Daga Tanderun Tama Zuwa Gwallameji

Gwallameji unguwa ce a kudu maso yammacin birnin Bauchi, a kan hanyar da ta nufi Dass, kuma wanda ya san ta a yau, da ɗakunan hayarta da shagunanta da dubban ɗaliban da ke kai da kawowa a cikinta safe da maraice, da wuya ya gaskata cewa shekaru 50 da suka wuce ƙauye ce da gonaki a bayan gari, nesa da ganuwa, nesa da fada. Galibin garuruwanmu sarki ne ya sare su, ko kasuwa ta tara mutanensu, ko kuwa tsoron hari ya sa jama'a suka haɗu a gindin dutse; ita kuwa wannan unguwa makaranta ce ta raya ta, domin tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a gefenta cikin 1979, sannan jami'a ta zauna a Yelwa, maƙwabciyarta, sai ƙasar noma ta koma fuloti, fuloti ya koma ɗaki, ɗaki kuma ya cika da 'ya'yan mutanen da kakanninsu ba su taɓa jin harshen juna ba.

Wanda ke son ya fahimci yadda haka ta auku tilas ne ya koma baya da nisa, saboda ba yau ne ilimi ya fara ta da mutanen ƙasar Bauchi daga wani wuri ya zaunar da su a wani ba. Abin da na lura da shi, kuma shi ne abin da nake so in bi diddiginsa a nan, shi ne cewa ilimi iri biyu sun daɗe a wannan ƙasa, na hannu da na takarda, kowanne da ma'abutansa da martabarsa, amma sun yi ƙarni da ƙarni suna zaune gari ɗaya ba tare da sun shiga zauren juna ba. Wannan rabuwa ta jawo mana asara mai yawa, kuma makarantun da suka raya Gwallameji su ne yunƙuri mafi girma da aka taɓa yi a nan na haɗa su.

Ilimin hannu shi ne ya riga zuwa. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, masu binciken kufai sun tono tanderun narka tama waɗanda shekarunsu suka haura 2,000, na mutanen nan da ake dangantawa da Nok. A cikin dajin Yankari kuwa, a wurin da ake kira Ampara, har yanzu akwai tanderun yumɓu da dama a tsaye, suna shaida cewa an yi zamanin da wannan daji yake cike da hayaƙi da mutane. Mai narka tama sai ya san dutsen da ke da ƙarfe daga wanda ba shi da shi, ya san itacen da gawayinsa ke riƙe wuta, irin ƙirya, ya jera tama da gawayi hawa-hawa, ya daidaita iskar da ke shiga, sannan ya zauna yana karanta launin harshen wuta har ya gane lokacin da kashin ƙarfe ya rabu da ƙarfen. Daga nan maƙeri ya karɓa, da zuga-zuginsa da awartakinsa da masabarsa, ya fitar da gatari da fartanya da garma, waɗanda da su aka sare daji aka yalwata gona har abinci ya ishi wanda ba ya noma, ya kuma fitar da mashi da takobi da linzami, waɗanda da su wani ya mallaki wani. Sarauta da kasuwa da malanta duka a kan wannan rarar hatsi suka tsaya. Amma maƙeri bai rubuta saninsa ba. A kunnen ɗansa ya zuba shi, ya lulluɓe shi da asiri da hane-hane, don haka duk gidan da ya ƙare, abin da ya sani ya bi shi kabari.

Ilimin takarda kuwa ta wata hanya mai tsawo ya iso. Mutanen Sin ne suka ƙago takarda, Musulmi suka koye ta ta wajen Samarƙandi, kuma kafin ƙarni na 8 ya ƙare ana yin ta a Bagadaza, inda arharta ta ba da damar a fassara littattafan Yunanawa da na Farisa da na Hindu, a kwafe su, a yi musu sharhi. A can ne Alkhawarizmi ya wallafa littafinsa na aljabara, kuma abin lura ne ga mai nazari cewa wani babban sashe na littafin a kan lissafin wasiyya da rabon gado yake, wato fiƙihu ne ya nemi hisabi, hisabi kuma ya amsa. Bayan ƙarnuka, takardar da malamanmu ke rubutu a kanta a arewacin Italiya ake yin mafi yawanta, ta bi jirgin ruwa zuwa Tarabulus, ta hau raƙumi ta Gadamas da Agadas har Kano. Wanda ya taɓa ɗaga wata tsohuwar warƙa daga gafakar kakansa ya duba ta a hasken rana, la'alla ya ga alamar jinjirin wata guda uku a jere cikin jikinta, to, tambarin masu yin ta ke nan. Da irin wannan takarda aka yi karatun da ya fitar da mutum kamar Muhammadu Alkatsinawi, masanin hisabi da falaki, wanda ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi da ake kira aufaƙ, ya rasu a Alƙahira cikin 1741.

Birnin Bauchi kansa ɗan wannan ilimi ne. Yakubu ɗan Dadi, mutumin Gerawa, almajiranci ne ya kai shi Degel wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna shekaru yana karatu da hidima, kuma da jihadi ya tashi bayan hijirar 1804, aka ba shi tuta alhali shi ba Bafillace ba ne, domin abin da aka duba a gare shi karatu ne da amana. Cikin 1809 ya kafa birnin, aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 10, mai ƙofofi 9, cikinsu har da Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Wambai, ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. Sabon abin da wannan daula ta kawo shi ne mulki da wasiƙa: Sarkin Bauchi ya rubuta tambaya, manzo ya yi tafiyar makonni zuwa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da amsa a rubuce da hujjojinta, kuma amsoshin da ya rubuta wa Yakubu suna nan har yau cikin jerin littattafansa. Alƙali ya zauna da Risala da Muhtasar, mai rabon gado ya koyi fara'ili, mai kula da zakka ya koyi ƙidaya, ladan da manomi suka dogara ga mai sanin manzilolin wata da fitowar taurari. Mutumin da ba ɗan kowa ba yana iya ɗaukar allo ya bar garinsu, ya komo bayan shekaru ana durƙusa masa ana cewa Allah ya gafarta malam.

Kada a zaci shugabannin wannan zamani ba su da sha'awar ilimin duniya. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya isa Sakkwato a 1824 ya nuna wa Muhammadu Bello kayan auna taurari, ya tarar Sarkin Musulmi ya san buruji da taurari da sunayensu na Larabci. Da ya komo karo na biyu ya kawo masa littafin handasa na Uƙlidis da Larabci, Bello ya yi murna ƙwarai, ya ce da ma suna da shi a gidansu gobara ta cinye. Shi kansa ya yi wallafa a kan ɗibbu, ya kuma horar da sarakuna su kula da masu sana'a, su zaunar da su a garuruwa. Tun kafin su, Imamu Gazali ya bayyana a cikin Ihya cewa ɗibbu da hisabi da tushen sana'o'i kamar noma da saƙa farilla ce ta kifaya, wadda idan al'umma duka ta bar ta, duka ta yi laifi.

Duk da haka, malam bai je maƙera da alƙalaminsa ba. An rubuta dubban warƙoƙi a kan tsarki da ciniki da nahawu da tauhidi, kuma alhamdu lillahi da aka rubuta, amma mai narka tama da marini da majemi ba su sami wanda ya zauna ya tambaye su dalilin abin da suke yi ba, balle ya auna, ya rubuta, ya bar wa na baya su ƙara a kai. A Turai kuwa, a daidai waɗannan ƙarnuka, haɗuwar nan ce ta auku. Gutenberg, wanda ya fito da ɗab'i a Jamus wajen 1450, maƙerin zinariya ne da ya san yadda ake zuba haruffa daga gamin dalma. James Watt kuwa mai gyaran kayan awo ne a jami'ar Glasgow, inda aka ba shi samfurin injin tururi ya gyara, yana ta muhawara da malaman jami'ar a kan zafi da tururi, har ya gano gyaran da ya yi wa rajista a 1769. Akwai kuma wani dalili mai ɗaci wanda gaskiya ba ta yarda a tsallake shi ba, shi ne bauta. Ƙasar Bauchi ta yi suna wajen kamun bayi daga cikin mutanen duwatsu, kuma al'ummar da ke samun hannuwa da ƙarfin takobi ba ta cika damuwa da neman dabarar da za ta rage wa hannu wahala ba. Sa'ad da Eduard Vogel, Bajamushe masanin taurari, ya shigo Bauchi a 1855 da kayan awonsa, labarin ƙasar ne yake tattarawa zuwa taswirar waɗansu, kuma taswirar nan ta yi aikinta bayan rabin ƙarni.

A kan dalma ne aka fi ganin abin da wannan rabuwa ta haifar, don haka ya kamata a daɗe a kanta. Tun kafin Turawa, akwai masu narka kuza a Liruwen Kano, kuma wasunsu suka ƙaura suka kafa Liruwen Dalma a cikin ƙasar Bauchi. Mutanen tudun Jos su wanke yashin rafi su tace baƙin kuza, a kawo wa masu tanderu, su kuwa su narka shi da gawayi, sannan su tara jiƙaƙƙen toka ko yumɓu, su soka tsinkayen ciyawa a ciki su zare, su ɗura narkakkiyar dalma a ramukan, ta daskare ta fito siririya siririya kamar tsinken tsintsiya, a ɗaure dami-dami, fatake su ɗauka zuwa Kano da Nufe da bakin Binuwai, inda maƙeran farin ƙarfe ke bukatarta. A hannun waɗannan fatake ne Turawan Kamfanin Neja suka fara ganin ta, suka yi ta tambayar inda take fitowa.

Cikin Fabrairun 1902 rundunar Ingila ta shiga Bauchi, aka tuɓe Sarki Umaru. A shekarar da ta biyo baya aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da jama'a masu yawa, aka ga ƙarara cewa jaruntaka da doki da sulke ba su tsayawa gaban bindiga mai ruwa. A cikin waɗannan shekaru biyu ne Kamfanin Neja ya aiko da masana ma'adinai, cikinsu har da H. W. Laws, wanda ya yi sansani a Tilden Fulani da Naraguta. Dokar sabuwar hukuma ta mai da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, wadda ita ke ba da izinin haƙa, kuma an riga an yi wa Kamfanin Neja alkawarin rabin kuɗin da za a karɓa a kan ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekaru 99. Da aka rarraba rafukan kuza ga kamfanoni, sai masu tanderu suka rasa abin narkawa, kuma zuwa farkon shekarun 1920 wutar Liruwen Dalma ta mutu. 'Ya'yan mutanen da suka san yadda ake fitar da dalma daga dutse suka koma leburori, da kwano a ka, suna kwasar ƙasa daga rami zuwa wurin wanki, kuzan kuwa a ɗura shi buhu ɗanye a kai Ingila a narka a can. Sai a farkon shekarun 1960 aka sake gina wurin narka shi a Jos.

Layin dogo na farko da ya ɗauki sunan Bauchi, wato siririn layin nan da ya tashi daga Zariya ya hau tudu zuwa Jos da Bukuru, aka gama shi a 1914 aka rufe shi a 1957, bai taɓa zuwa birnin Bauchi ba, domin don kuza aka shimfiɗa shi. Haka wutar lantarki ta ruwa da aka fara samarwa a tudun cikin shekarun 1920, injinan haƙa aka yi wa ita. Cikin 1926 aka yanke tudun daga Lardin Bauchi aka yi masa lardinsa, Jos ta bunƙasa ta zama garin bariki mai kowane iri, tsohon birnin Yakubu ya zauna a gefe. Da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar rijiyar dalmarta, sai aka ɗora wa lardunan Arewa, har da Bauchi, tilas su ba da mutane. Wannan shi ne diban gwamna, wanda ya raba dubban manoma da gonakinsu ya kai su cikin sanyin tudu da ƙarancin abinci da cuta, da yawa ba su komo ba, kuma a 1943 abin da aka haƙa ya haura tan 17,000. Dalmar nan ita ta lulluɓe gwangwanin abincin soja, ita ta like wayoyin rediyo da na jiragen yaƙi, mai ɗaukar kwano kuwa bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ilimi na uku, wato boko, da ƙyar ya shigo, kuma iyayenmu na da hujja da suka yi ɗari-ɗari da shi, tun da a hannun wanda ya ci su da yaƙi ya zo. Hanns Vischer, da ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, kuma manufar hukuma ita ce a sami malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, ba injiniyoyi ba. Amma ilimi ba ya tsayawa inda mai kawo shi ya ja masa layi. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, ya yi Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya komo yana koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, kuma labarin da ya rubuta don gasar Hukumar Talifi ta Zariya, wato Shaihu Umar, a kan bauta da raba uwa da ɗa yake, abin da ke nuna cewa ɗan ƙasar ya fara duban tarihin ƙasarsa da idon tuhuma. Sa'adu Zungur kuwa, ɗan gidan malanta ne na cikin birni, wanda ya sha Larabci da fiƙihu tun yana yaro, sannan ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, ya koyi aikin kiwon lafiya, ya koyar a makarantar haɗa magunguna ta Zariya. A ganina shi ne mutum na farko a tarihin Bauchi da ilimin zaure da ilimin ɗakin gwaji suka haɗu a ƙirjinsa sosai, har ya iya yaƙar camfi da bidi'a da hujjar shari'a, ya kuma yaƙi zalunci da hujjar zamani, duka a cikin waƙar Hausa da talaka ke ji.

Cikin 1943 waɗannan mutane, tare da Malam Aminu Kano wanda a lokacin yake koyarwa a Midil, suka shiga wani zaman muhawara da aka kafa a Bauchi da yardar hukuma, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ke zama su tattauna al'amuran ƙasa. Ba a jima ba tambayoyi suka yi zafi, har aka kai ga tambayar a kan me ake yanka albashin sarki, sai aka rufe zaman; su kuwa suka kafa ƙungiyarsu ta neman ci gaban Bauchi, wadda tana cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta riga ta koya wa mutane cewa talaka na iya rubuta wasiƙa dubbai su karanta. A Agustan 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, abin da ya girgiza sarakuna da Turawa baki ɗaya. Sa'adu ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya, bai ga 'yancin kai ba.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Rediyo ta shiga zaure, BBC ta fara Hausa a 1957, Kaduna ta buɗe tashar Arewa a 1962, a shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya a 1958 aka ja layin dogo daga Kuru, ya iso Bauchi a 1961, ya kai Maiduguri a 1964, a zamanin da ɗan Bauchi, Tafawa Ɓalewa, ke Firayim Minista. Bayan kashe shi a Janairun 1966 da yaƙin basasa, sai kuɗin man fetur ya zo, aka ƙirƙiri Jihar Bauchi ran 3 ga Fabrairun 1976, aka fara ilimin firamare kyauta ga kowa a wannan shekara, aka kuma kafa masana'antar Steyr tare da mutanen Ostiriya don harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Ƙasa ta ga tana da kuɗin sayen inji amma ba ta da isassun hannuwan da za su riƙe shi, wannan ne ya sa doka ta 33 ta 1979 ta kafa kwalejojin fasaha na tarayya, har da ta Gwallameji, sannan a 1980 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bauchi tare da ta Makurɗi da ta Owerri. An mai da ita reshen Jami'ar Ahmadu Bello a 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988 da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Niyyar waɗanda suka tsara irin wannan kwaleji ita ce ɗalibi ya yi lissafi a aji da safe, ya sa rigar aiki ya tsaya gaban injin yankan ƙarfe da rana, ya kuma fita ya yi watanni a masana'anta kafin a ba shi takardar shaida. Wato a wuri ɗaya, a cikin mutum ɗaya, alƙalami da masaba su haɗu. Sai dai ba a daɗe da farawa ba farashin mai ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube, kayan gyara suka gagara saye, masana'antun da aka yi tsammanin za su karɓi ɗaliban suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, har da ta Steyr, jirgin ƙasa kuma ya ɗauke ƙafa. Ga shi kuma tsohuwar cutar nan ta fifita mai alƙalami a kan mai masaba ta sake fitowa da sabuwar riga, domin aikin gwamnati ya daɗe yana sa mai digiri gaba da mai babbar difloma ko da tare suka iya aiki, har iyaye suka ɗauki kwalejin fasaha a matsayin wurin wanda bai sami jami'a ba. Wannan abu yana ba ni baƙin ciki ƙwarai, saboda kuskure ne da tarihin ƙasar nan ya riga ya nuna mana farashinsa.

Ita dai unguwar Gwallameji ba ta daina girma ba. Ɗakunan kwanan makaranta ba su ishi ɗalibai ba, sai mai gona ya sayar da wani yanki ya gina ɗakuna a sauran, ya koma mai karɓar haya shekara-shekara. Gwallameji da Rafin Zurfi da Yelwan Tudu da Yelwan Makaranta suka miƙa har suka kusa haɗewa. Bajari da Basayi da Bafillace da Bahaushe suka zauna katanga ɗaya da Tibi da Bayarabe da Ibo, masallaci da coci suna jin sautin juna, kuma 'yan mata da kakanninsu mata ba su taɓa riƙe alƙalami ba suna tafe da takardun zanen gini a hammata. An yi ginin ne gaba da tsari, don haka lunguna suka ƙuntata, magudanan ruwa suka yi kaɗan, aka dogara ga rijiya da burtsatse da 'yan garuwa, kuma tara matasa masu yawa nesa da idon iyaye yana da nasa fitintinu, waɗanda masu unguwa da limamai da fastoci suka fi kowa sani. Da wayar salula ta shigo a 2001, intanet ya biyo baya, sai shagon buga takardu da na cajin waya da na cire kuɗi suka cika bakin titi, janareto yana ruri, faifan sola yana kan kwano.

A irin waɗannan shaguna na kan tsaya in kalli mai gyaran waya. Saurayi ne a kan benci, gabansa tebur cike da gawarwakin wayoyi, ya buɗe wadda aka kawo ya ɗora tsinken mita a nan da can yana duban lambobi, har ya gano inda wuta ta yanke. Sai ya ɗauki ƙarfen lika mai zafi a dama, zaren dalma a hagu, ya taɓa su a kan wani ɗigo da ido ke gani da ƙyar, hayaƙi siriri ya tashi, ya hura, ya mayar da batir, fuskar waya ta kawo haske. Wani a wurin ubangida ya koya, wani a aji, da yawa kuma sun haɗa biyun suna ƙarawa da bidiyon YouTube, kuma idan ka tambaye shi dalili yana iya zana maka hanyar wutar a bayan takarda, abin da kakansa maƙeri bai sami mai koya masa ba. Amma zaren dalmar da ke hannunsa daga waje aka kawo shi, galibi daga Sin, haka mitar, haka wayar, alhali ramukan da aka kwashi kuza suna nan cike da ruwa a tudun Jos, tafiyar awa biyu daga bencinsa. Gyara ya iya, kuma ba ƙaramin abu ba ne, ƙira ce har yanzu ba ta dawo ba.

Yanzu kuma wani ma'adinin ya bayyana. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar man fetur a Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe ta wajen Alƙaleri, kuma tun daga ranar ake ta maganar rabon da zai zo wa jihohin biyu. Ni abin da na fi so a tambaya shi ne wa zai karanta taswirar duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasa, wa zai riƙe injin haƙa, wa zai gyara shi idan ya tsaya, kuma a ina za a tace abin da ya fito, domin a zamanin kuza ba wanda ya sami ikon yin waɗannan tambayoyi a madadin mutanen Liruwen Dalma. Bambancin yau shi ne akwai masu iya amsawa: Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana koyar da ilimin duwatsu da injiniyancin man fetur, kwalejin tana fitar da masu awon ƙasa da masu aikin lantarki da na inji kowace shekara, kuma da yawa daga cikinsu a Gwallameji suke haya.